Ta ina zan fara koyar da yanayi da sararin samaniya a makarantar ƙauye da ba ta da ɗakin gwaji?

Tambaya: Ni malamin kimiyya ne a wata ƙaramar sakandare a ƙauye, tsakanin Ringim da Taura. Manhaja ta kawo mu kan yanayi da iskar da ke kewaye da duniya. Ɗalibaina sun kai saba'in a aji, ba ɗakin gwaji, ba wutar lantarki. Suna haddace abin da na rubuta a allo, amma in na tambaye su dalilin da ya sa hadari ke tasowa daga gabas sai su yi tsit. Ta ina zan fara?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara basira. Kada ka fara da zanen hawa-hawan sararin samaniya, ko da shi ne a shafin farko na littafin. Ka fara da gwangwani, rula, da littafi mai layi-layi. Yaran da ke gabanka 'ya'yan manoma ne, sun san ƙamshin hadari, sun san ranar da iska ta juya, sun ga an yi binne ruwa ya ƙi zuwa. Abin da ba su da shi lamba ce da dalili. In suka yi makonni suna auna yanayin garinsu da hannunsu, bayanin da za ka yi daga baya zai sami wurin zama a kansu. In ka fara da bayanin, haddar da kake kuka da ita za ka ci gaba da samu.

Abu na farko ma'aunin ruwan sama. Samo gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda faɗin bakinsa da na gindinsa ɗaya ne. Na madarar gari ko babban na tumatir ya wadatar. A yanke murfin tas, kada a bar leɓe a ciki. Gorar roba da ake yanke wa kai, wadda littattafai ke yawan nunawa, gindinta tudu da kwari ne, ba za ta ba da zurfin gaskiya ba sai an cike gindin da siminti, don haka gwangwani ya fi ta. A kafa shi a fili, nesa da gini ko bishiya da aƙalla ninki biyu na tsawonsu: in darbejiyar makaranta ta kai mita 8, a matsa mita 16. Bakin gwangwanin ya kasance santimita 30 daga ƙasa, a daidaice ba a karkace ba. In ya yi ƙasa da haka ruwan da ya fantsalo daga ƙasa zai shiga, in ya yi sama sosai iska za ta riƙa kauce da ɗigon. A tallafe shi da bulo ta kowane gefe, a yi masa gajeren shingen ƙaya saboda awaki.

Awon kansa iri biyu ne. In ruwan mai yawa ne, a tsoma rula a miƙe a karanta zurfin da milimita. Ka duba rular tukuna: yawancinsu akwai ɗan fili kafin sifiri, kuma wannan filin sai an ƙara shi a kan abin da aka karanta, in ba haka ba kowane awo zai yi ƙasa da gaskiya da milimita uku zuwa biyar. In yayyafi aka yi, rula ba za ta nuna komai ba, sai a sayo sirinji mai mililita 20 a kemis, a cire allurar a yar, a zuƙe ruwan a ƙirga. Gwangwani mai faɗin baki santimita 10, filin bakinsa murabba'in santimita 78.5 ne, saboda haka kowace milimita ɗaya ta ruwan sama tana tara mililita 7.85, a ce 8. An zuƙo mililita 40, an yi ruwan milimita 5 ke nan. In gwangwaninka ba wannan girman ba ne, a raba mililitocin da filin bakin, a ninka sau goma. Ka bar ɗalibai su yi wannan lissafin da kansu, domin darasin da'ira da malamin lissafi ya yi musu ne ya dawo da amfani.

Daga nan ka buɗe musu ido da girman abin. Milimita ɗaya ta ruwan sama lita ɗaya ce a kan kowane murabba'in mita. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, to ruwan milimita 20 a kanta lita 200,000 ne, wato jarka 8,000 mai cin lita 25. Rufin aji mai mita 9 a tsawo da 7 a faɗi zai zubo lita 1,260 a wannan ruwan, fiye da duro shida. Yaron da ke tura kurar ruwa ba zai manta wannan lambar ba.

Na biyu ma'aunin zafi. Kada a sayo na asibiti, iyakarsa daga digiri 35 zuwa 42 ne, kuma ba ya sauka da kansa. A nemi na bango ko na ɗakin gwaji, guda biyu in da hali. A rataye shi a inuwa, inda iska ke ratsawa, mita ɗaya da rabi daga ƙasa, kada ya taɓa bango. Kuskuren da aka fi yi shi ne ajiye shi a rana don a ga iyakar zafin gari. Abin da zai nuna a lokacin zafin gilashinsa ne da rana ta gasa, ba zafin iska ba. Ƙarƙashin kwanon rufi ma haka, kwano na feso zafi daga sama. Shi ya sa a tashoshin NiMet, wato hukumar kula da yanayi ta Najeriya, irin ta filin jirgin Malam Aminu Kano, ake saka ma'aunan cikin farin akwatin katako mai tsaga-tsaga. Kafinta zai iya ƙera muku ƙarami, ko a huhhuda kwali a shafa masa farin fenti a rataye a rassan bishiya mai duhuwa.

Ma'aunin zafi na biyun na auna danshin iska ne. A naɗe gindinsa da tsumman auduga mai tsabta, a tsoma ƙarshen tsumman cikin ƙaramar kwalbar ruwa, a yi masa fifita na minti biyu sannan a karanta duka biyun. Mai jiƙaƙƙen gindi zai nuna ƙasa da ɗan'uwansa, domin ruwa in zai zama tururi sai ya ɗebi zafi daga abin da yake jikinsa. Da ranar hunturu tazarar takan wuce digiri goma. A tsakiyar damina ba ta cika wuce biyu zuwa huɗu ba. In ba a ga tazara ba sam, tsumman ne ya bushe ko ƙura ta toshe shi, a wanke ko a sake. Wannan shi ne dalilin da ruwan randa ya fi sanyi da rani fiye da damina, kuma shi ne tushen tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Ya kamata ɗaliban Jigawa su san wannan.

Ga iska kuwa, doguwar gora da ƙyalle mara nauyi a samanta sun isa, muddin ta zarce rufin aji. Abu biyu za ka tsaya a kai. Ana kiran iska da inda ta fito ne, saboda haka in ƙyallen ya nufi yamma, iskar gabas ce. Rabin aji za su rubuta akasin haka a makon farko. Sannan kada a ɗauki alƙiblar masallaci a matsayin gabas sak. A Kano da Jigawa alƙibla ta karkata arewa da kimanin digiri 22 daga ainihin gabas. A yi amfani da kamfas na waya a shata kusurwoyi huɗun a ƙasa, a kafa duwatsu.

Duk wannan ba shi da amfani sai da littafin rajista. Kowace rana layi ɗaya: kwanan wata, ruwan sama, zafin safe, zafin rana, jiƙaƙƙen ma'auni, inda iska ta fito, da yawan gajimare, wanda ake ƙiyastawa ta raba sama kashi takwas a ce kashi nawa ya rufe. A riƙa karantawa a lokaci guda kullum, ƙarfe takwas na safe da kuma dab da tashi. Raba ajin rukuni-rukuni na mutum shida, kowane rukuni ya riƙe mako guda, 'yan mata su sami makonninsu cikakku, kada a mayar da su masu rubutu kawai maza na awo. Ka dage a kan ƙa'ida ɗaya: ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta sifiri, ranar da ba a auna ba a ja layi. In aka haɗa biyun, jimillar wata ta lalace. Kuma kada ka hukunta wanda ya manta bai auna ba, domin tsoron bulala ne ke sa yaro ya ƙirƙiri lamba.

Bayan wata guda da fara rajista sai ka shigo da bayanin da ke ɗauke da shekararmu gaba ɗaya: iska biyu ce ke karɓa-karɓa a kanmu. Ɗaya tana fitowa daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara, busasshiya, ɗauke da ƙura wadda mai yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa. Ita ce hunturu. Ɗayar tana fitowa daga kudu maso yamma, daga Tekun Atlantika, cike da danshi. Inda suka haɗu layi ne da ke tafiya arewa da kudu yana bin rana. A Janairu yana can kusa da gaɓar teku, mu muna cikin hazo. Wajen Afrilu zuwa Mayu yake tsallake mu, a Agusta ya kai can cikin Sahara, a Oktoba ya sake wuce mu zuwa kudu. Zana taswirar Najeriya a ƙasa a filin makaranta, yara biyu su riƙe igiya a matsayin layin, su riƙa matsawa kana kiran watanni. Nan take za su ga dalilin da damina ke riga sauka a Legas, sannan Abuja, sannan Kano, da dalilin da Maigatari da Gumel ke samun gajeriyar damina fiye da Tudun Wada da Doguwa: iskar teku ta makara zuwa gare su, ta kuma riga barinsu.

Yanzu ga tambayarka ta hadarin gabas, wadda tambaya ce mai kyau ƙwarai, domin a zahiri kamar ta saɓa wa abin da aka faɗa. Danshi daga kudu maso yamma yake zuwa, amma wannan iskar a ƙasa-ƙasa take. A samanta, wajen kilomita uku zuwa huɗu, akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma duk damina. Rana ta gasa ƙasa, iska mai danshi ta yi zafi ta tashi sama, ta huce, tururinta ya dunƙule ya zama girgije mai tsayin da kan kai kilomita goma sha biyar. Da jikinsa ya shiga waccan iskar ta sama, sai ta tura shi yamma. Iskar ƙasa ce ke ciyar da hadari, ta sama ce ke tuƙa shi. Ita kuma iska mai sanyi da ƙura da ke riga ruwa isowa, daga cikin hadarin take gangarowa: ruwan da ke faɗowa ya sanyaya ta, ta yi nauyi, ta daki ƙasa ta bazu gaba. Ita ce ke yaye kwanon azuzuwa a farkon damina. Ka sa ɗalibai su lura da ƙyallen gora ranar hadari, za su gan shi ya juya gaba ɗaya cikin 'yan mintoci.

Akwai wata tambayar da nake so ka jefa musu ka bar su da ita kwana biyu. A wajen Kano rana takan tsaya daidai tsakar ka sau biyu a shekara, wajen 22 ga Afrilu da wajen 21 ga Agusta. In aka kafa sanda a miƙe, wajen sha biyu da rabi inuwarta kusan ɓacewa take. To me ya sa Afrilu zafi ke haura digiri 40, Agusta kuwa da kyar yake wuce 30? Amsar tana cikin rajistarsu, a layin gajimare da na danshi. A Agusta gajimare na mayar da hasken rana, kuma zafin da ya iso ƙasa yana ƙarewa wajen busar da ruwa. A Afrilu ƙasa a bushe take, duk zafin iska yake gasawa. Da yawa kuma za su ce sanyin hunturu saboda duniya ta yi nesa da rana ne. Ba haka ba ne, a farkon Janairu ma duniya ta fi kusa da rana. Abin da ke faruwa shi ne rana ta karkata kudu, tsayinta da tsakar rana bai wuce digiri 55 ba a ƙarshen Disamba, sannan tururin ruwa da ke zame wa ƙasa bargo da dare babu shi, sai zafin yini ya tsere sama, asuba ta yi sanyi ƙarara.

Gwaje-gwajen cikin aji kaɗan ne suka cancanci lokacinka. Don nuna cewa iska na cin wuri, cusa takarda a gindin kofi, kifa shi a miƙe cikin bokitin ruwa, fito da shi takardar a bushe. Don nuna tana dannawa, zuba ruwan zafi kaɗan a gorar roba, girgiza, zubar, rufe da sauri. Tana hucewa za ta lotse, domin iskar waje na danna kowane murabba'in santimita da nauyin kusan kilo ɗaya. Ruwan ya zama mai zafi amma ba tafasasshe ba, tafasasshe narkar da robar yake yi, sai yara su ce zafi ne ya lanƙwasa ta.

Na girgije shi ya fi burge su. Gora mai haske ta lita ɗaya da rabi, ruwan ɗumi kamar cokali uku, a kunna ashana a hure a jefa ciki da hayaƙinta, a rufe gam. A matse da ƙarfi, a saki farat ɗaya: ciki zai yi fari. A sake matsewa ya washe. Ka fara yi ba tare da ashana ba don su ga bambanci, domin tururi na buƙatar ƙwayar ƙura ko hayaƙi da zai taru a kai. In bai fito ba, ko murfin na shan iska, ko ana kallo ta wajen haske; a sa baƙin allo a bayan gorar. Shi kuwa gwajin kofin ƙarfe da ƙanƙara, wanda raɓa ke taruwa a bayansa, yara za su ce yoyo yake. Zuba zoɓo maimakon ruwa, a goge bayan da farin ƙyalle, su ga ba ja. Wannan gwajin a tsakiyar hunturu yakan ƙi, saboda iskar ba ta da danshin da za ta bayar. Ka yi shi a Janairu, ka maimaita a Yuni, bambancin shi ne darasin.

Gwaji ɗaya nake roƙonka ka bari: kyandir a faranti mai ruwa a kifa masa kofi, a ce hawan ruwan ya nuna oksijin kashi ɗaya cikin biyar ne. Yawancin hawan nan daga iskar da ta yi zafi ta faɗaɗa sannan ta huce ne. Ƙara kyandir biyu ka ga ruwan ya ƙara hawa, alhali oksijin bai ƙaru ba. Na gaskiyar shi ne garin ƙarfe daga wajen mai walda ko maƙeri: jiƙa cikin doguwar kwalba mai miƙaƙƙen jiki, barbaɗa garin ya manne, kifa ta a ruwa, a bar ta kwana uku zuwa huɗu. Tsatsa za ta cinye oksijin, ruwan ya hau kusan kashi ɗaya cikin biyar. Soson ƙarfe na wanke tukunya sau da yawa ba ya tsatsa, kada a dogara da shi. Bayan sun gani sai ka ba su lambobin: naitirojin kashi 78 cikin ɗari, oksijin 21, agon kusan 1, kabon dayoksaid kimanin 0.04.

Hawa-hawan sararin samaniya darasi ɗaya ya ishe su. Hawan ƙasa, tirofosfiya, a yankinmu ya kai kilomita 16 zuwa 18, kuma duk hadari da hazo a cikinsa suke. A cikinsa zafi na raguwa da kimanin digiri 6.5 a kowace kilomita, shi ya sa Jos, da ke sama da mita 1,200, ta fi Kano da ba ta kai mita 500 ba sanyi, shi ya sa kuma ƙanƙara ke faɗowa a ranar da ake gumi. A samansa sitiratosfiya take, mai ɗauke da ozon da ke tare hasken rana mai ƙuna. Sauran hawan su san sunayensu don jarrabawa.

Kada ka tsallake tsawa, domin nan ilimin ke ceton rai. Sauti na tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa, saboda haka duk daƙiƙa uku tsakanin walƙiya da ƙararta kilomita ɗaya ce. In tazarar ba ta kai daƙiƙa 30 ba, a shiga gini, kuma a jira minti 30 bayan ƙara ta ƙarshe. Kada a fake gindin bishiya, kada a tsaya tsakiyar fili ko cikin ruwa, a ajiye fartanya. Yaran da ke kiwo da masu zuwa gona bayan makaranta su ne wannan ya fi shafa.

Wani ɗalibi zai ce maka Allah ne ke saukar da ruwa. Ka ce masa haka ne, kuma abin da kuke karantawa shi ne sababin da Ya tsara. Aya ta 48 a Suratur Rum ta ambaci iskoki da ke motsa girgije har ruwa ya fito daga tsakaninsa. Ka yi magana da malamin addini na makarantar tun kafin darasin, don kada yara su ji abu biyu daga bakin malamai biyu.

Matsalar da za ka ci karo da ita ta kalanda ce. Zango na ɗaya na kama ƙarshen damina da shigowar hunturu, ya dace da juyawar iska da ƙura. A shafa basilin a farar takarda a bar ta waje kwana ɗaya, a kwatanta ta Oktoba da ta Disamba. Zango na biyu na zafi da danshi ne, na uku na hadari. Amma Agusta, watan da ya fi ruwa, hutu ake yi, kuma in babu shi jimillar shekara ba ta da ma'ana. Tun a Yuli ka zaɓi ɗalibai uku ko huɗu da ke kusa, kowa ya kafa gwangwani a gida da izinin mahaifinsa, ka haɗa da maigadin makaranta. Za su dawo da lambobi mabambanta, wani lokaci unguwa ɗaya ta sami milimita 30 ta kusa da ita ba ta sami 10 ba, kuma haka ruwan hadari yake, ba kuskurensu ba ne.

A zango na uku ka ba su ma'aunin da masana aikin gona a yankin Sahel ke yawan amfani da shi wajen gane saukar damina ta gaskiya: ruwan da ya kai milimita 20 cikin kwana uku, kuma ba a sami tsaikon da ya wuce kwana bakwai ba a cikin kwana talatin da suka biyo baya. Su nemo wannan ranar a rajistarsu, su tambayi iyayensu ranar da aka shuka gero da ko an sake shuka, sannan su kwatanta da hasashen damina da NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara, wanda gidajen rediyo ke karantawa da Hausa. A jarrabawar aji ma, maimakon ka ce su kawo ma'anar danshi, kwafo musu layi bakwai daga rajistar ba tare da kwanan wata ba, ka ce su faɗi watan da aka yi awon da hujjarsu. Littafin kuma ya zauna a ofishin shugaban makaranta da sunan makaranta, ba naka ba, don in an yi maka canjin wurin aiki wanda ya gaje ka ya ɗora daga inda aka tsaya.